Haƙoran Ɗan Adam: Yadda Aka Gina Su Da Yadda Suke Tsira

Sau biyu kawai ɗan Adam yake yin haƙora a duk tsawon rayuwarsa. Na farko su ne haƙoran yarinta, guda 20, waɗanda suke soma fitowa tun yana goye. Na biyu su ne haƙoran girma, guda 32, waɗanda suke maye gurbin na farko bayan ya yi famfara. Daga waɗannan kuwa babu na uku. Fata in ta yanke takan haɗe, ƙashi in ya karye a ɗora shi ya warke, amma haƙorin girma in ya ruɓe ba ya cikowa, in kuma ya fita ya fita ke nan, sai dai a sa wa mutum na roba.

A cikin wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 3,500 ne suke fama da cututtukan baki da na haƙora, kusan rabin al'ummar duniya ke nan. Galibin wannan wahala kuwa ana iya kauce mata. Saboda haka ya kamata kowane magidanci da kowace uwa su san yadda aka gina haƙori, da lokacin da kowanne yake fitowa, domin yawancin kurakuran da suke jawo asarar haƙora tun yaro yana ƙarami ake yin su, sau da yawa da kyakkyawar niyya.

Sassan Haƙori

Kowane haƙori yana da sassa uku. Akwai kai, watau farin da ake gani a cikin baki. Akwai wuya, inda dasashi ya kewaye shi. Sa'an nan akwai saiwa, wadda ta nutse cikin ƙashin muƙamuƙi, kuma ta fi kan tsawo. Haƙoran gaba da fiƙoƙi saiwa ɗaya ɗaya gare su. Manyan turamen ƙasa suna da biyu biyu, na sama kuwa uku uku, shi ya sa cire turmi ya fi cire haƙorin gaba wuya.

In aka tsaga haƙori biyu, za a tarar hawa-hawa ne kamar haka:

1. Farin ɓawo. Shi ne ya lulluɓe kan haƙori, kuma duk jikin mutum babu abin da ya kai shi tauri, ko da ƙashi ne. Wajen kashi 96 cikin 100 na ɓawon nan ma'adini ne, akasari kalsiyam da fosfaras. Inda ya fi kauri, a kan turame, yakan kai milimita biyu da rabi. Ba shi da jini, ba shi da jijiya, don haka ba ya jin zafi. Ƙwayoyin halittar da suka gina shi sukan ƙare da zarar haƙori ya huda dasashi. Wannan shi ne dalilin da ya sa in ya fashe ko ya huje jiki ba ya iya sake gina shi.

2. Ƙashin haƙori. Yana ƙarƙashin ɓawo, shi ne kuma mafi yawan jikin haƙori. Launinsa ya yi rawaya-rawaya, bai kai ɓawo tauri ba, gama ma'adinin da ke cikinsa wajen kashi 70 cikin 100 ne. Cike yake da waɗansu 'yan hanyoyi sirara, waɗanda ido ba ya gani, da suka miƙe har zuwa tsakiyar haƙori. In ɓawo ya zaizaye, ta cikinsu ne sanyin ruwan randa ko zafin shayi yake kaiwa ga jijiya, mutum ya ji kamar an soka masa allura.

3. Ɓargon haƙori. Wani ɗan nama ne mai taushi a can tsakiya, mai ɗauke da jijiyoyin jini da na jin zafi, waɗanda suke shiga ta wata 'yar ƙofa a ƙarshen saiwa. Nan ne ran haƙori yake. Ciwon haƙorin da yake hana barci alama ce ta cewa ɓarna ta iso nan.

4. Simintin haƙori da zaruruwansa. Saiwa ba ta da farin ɓawo. Wani siririn abu ne mai kama da ƙashi ya lulluɓe ta, likitoci suna kiransa siminti. Daga jikinsa waɗansu zaruruwa masu ƙarfi suka fito suka ɗaure haƙori da muƙamuƙi. Su ne suke sa haƙori ya ɗan motsa kaɗan lokacin tauna, su ne kuma suke sanar da mutum nan take in ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa.

Ire-iren Haƙora Da Aikinsu

Baligi mai cikakkun haƙora yana da 16 a sama, 16 a ƙasa. Haƙoran gaba guda 8 ne, masu kaifi, aikinsu gutsura. Fiƙoƙi guda 4 ne, masu tsini, aikinsu yagar nama da makamantansa, kuma su ne suka fi kowane haƙori tsawon saiwa. Ƙananan turame guda 8 ne, suna farfasa abinci. Manyan turame guda 12 ne, masu faɗin kai, su ne maniƙa. Yaro kuwa yana da haƙoran gaba 8, da fiƙoƙi 4, da turame 8. Ba shi da ƙananan turame sam.

Ban da tauna, haƙora suna taimakon harshe wajen furta sautuka irin su "s" da "z" da "ts", kamar yadda kowa zai gane in ya saurari mai giɓi. Haka kuma su ne suke tokare leɓɓa da kumatu, shi ya sa bakin tsohon da haƙoransa suka zube yakan shige ciki.

Tun Daga Cikin Uwa

Mutane da yawa suna tsammanin haƙori yana somawa ne ranar da aka ga ya leƙo. Al'amarin ya riga wannan nisa ƙwarai. Tun ciki yana da wajen mako 6 tushen haƙora yake soma kafuwa a inda muƙamuƙi zai kasance. Kafin wata na uku ya cika, 'yan ƙullutai 20 sun bayyana, kowanne tsiron haƙori guda. A wajen wata na huɗu sukan soma ɗaukar ma'adini suna yin tauri. Ranar da aka haifi jariri, ko da yake ana ganin bakinsa dasashi ne zalla, duk haƙoran yarintarsa suna nan kwance a ɓoye, har ma turmin girma na farko ya soma yin tauri.

Wannan ya nuna cewa abincin mai ciki shi ne tubalin farko na haƙoran ɗanta. Tana bukatar nono ko madara, da ƙwai, da wake, da riɗi, da ganyaye kamar zogale da kuka, da ƙananan kifayen da ake ci da ƙayarsu. Hasken rana kuma yana taimakon jiki ya yi amfani da kalsiyam ɗin da ke cikin waɗannan. Har wa yau akwai maganin da ake kira tetarasaikilin, wanda in mai ciki ta sha, ko aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba, yakan shiga cikin haƙoran da ake ginawa ya rine su, su fito da launin toka ko ruwan ƙasa, rinin da gogewa ba ta fitar da shi. Wannan dalili ne babba na kada mai ciki ta sha kafso sai da izinin likita.

Fitar Haƙoran Yarinta

Ga yadda haƙoran yarinta suka saba fitowa:

Na gaba biyu na ƙasa: wata 6 zuwa 10.
Na gaba biyu na sama: wata 8 zuwa 12.
Na kusa da su, sama da ƙasa: wata 9 zuwa 16.
Turame na farko: wata 13 zuwa 19.
Fiƙoƙi: wata 16 zuwa 23.
Turame na biyu: wata 23 zuwa 33.

Kafin yaro ya cika shekara 3 galibi duk 20 sun kammala. Wani yakan yi sauri, wani yakan yi jinkiri, wani ma na sama ne suke riga fitowa, duk ba abin damuwa ba ne. Haka kuma a cikin jarirai 2,000 zuwa 3,000 akan sami ɗaya da aka haifa da haƙori. A waɗansu sassan ƙasar nan ana camfa irin waɗannan yara, har a tsangwame su da iyayensu mata. Babu wata alama ta sharri ko ta maita a cikin wannan, tsiron haƙori ne kawai ya kwanta kusa da saman dasashi. Abin da ya wajaba shi ne a kai jaririn asibiti a duba, ko haƙorin yana girgiɗi, ko yana yi wa harshensa ko nonon uwa rauni.

Shin Haƙori Yana Sa Zawo Da Zazzaɓi?

Wannan ita ce magana mafi muhimmanci a cikin wannan darasi. Yaro mai fitar haƙori yakan yi dalala, dasashinsa ya yi masa ƙaiƙayi, ya riƙa cizon duk abin da ya samu, ya yi rigima, jikinsa ma ya ɗan yi ɗumi na kwana ɗaya ko biyu. Iyakarta ke nan. Fitar haƙori ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ba ta kawo zawo da amai, ba ta kawo tari ko jijjiga.

To, me ya sa iyaye da kakanni suka daɗe suna ganin abubuwan nan tare? Dalili shi ne, wata na shida da haƙori yake soma fitowa, shi ne kuma lokacin da kariyar da jariri ya samo daga jinin uwarsa take raguwa. Lokacin ne ake soma ba shi kunu da ruwa, lokacin ne kuma yake koyon zama da rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki. Ƙwayoyin cuta suna samun ƙofa, haƙori kuma ya ɗauki laifi. Haɗarin da ke ciki a fili yake: uwa ta ce "ai haƙori ne" ta zauna a gida, alhali zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon huhu, ko zawon da zai ƙarar da ruwan jikin yaron cikin kwana ɗaya. In zafin jikin jariri ya kai awo 38, ko ya ƙi kama nono, a kai shi asibiti ran nan. In zawo ne, a soma ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida, a ci gaba da ba shi nono, a kuma kai shi.

Wajibi ne kuma a yi hattara da abin da ake kira maganin haƙori. A ƙarshen shekarar 2008 asibitoci a Legas da Ibadan da Zariya suka soma karɓar ƙananan yara waɗanda fitsari ya ɗauke musu, ƙodarsu ta daina aiki. Bincike ya gano cewa an ba su wani ruwan maganin haƙori ne mai suna My Pikin, wanda wata guba da ake amfani da ita a injuna ta shiga cikinsa. Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, watau NAFDAC, ta hana sayar da shi, amma zuwa farkon 2009 yara 84 sun rasu. Abin baƙin ciki shi ne, fitar haƙori ba ta bukatar magani tun farko. Ya isa uwa ta wanke hannu ta murza wa yaro dasashi da yatsa, ko ta ba shi tsabtataccen ƙyalle mai sanyi ya ciza. Kada a tsaga dasashi da aska, kada kuma a shafa masa wani gari ko jiƙo.

Famfara Da Haƙoran Girma

Sa'ad da yaro ya kai shekara 6, haƙoran girman da ke kwance a ƙarƙashi sukan soma turowa. Yayin da suke tasowa, saiwar haƙorin yarinta takan narke sannu a hankali, har ya yi girgiɗi ya faɗi. Shi ya sa in aka duba haƙorin famfara ba a ganin saiwa a jikinsa. Yara a wurare da yawa sukan jefa shi bisa rufin ɗaki, wai kada ƙadangare ya gani sabo ya ƙi fitowa. Wasa ne mai daɗi, amma sabon haƙorin ya yi shekaru yana jiran ranarsa.

Ga lokutan fitar haƙoran girma:

Manyan turame na farko: shekara 6 zuwa 7.
Haƙoran gaba: shekara 6 zuwa 9.
Fiƙoƙi: shekara 9 zuwa 12.
Ƙananan turame: shekara 10 zuwa 12.
Manyan turame na biyu: shekara 11 zuwa 13.
Turamen ƙarshe: shekara 17 zuwa 21, ko bayan haka.

Sabon haƙorin gaba yakan fito da girma, da ɗan zaƙo-zaƙo a bakinsa, kuma bai kai na yarinta fari ba. Haka halittarsa take, tauna za ta daidaita shi. Turamen ƙarshe kuwa, waɗansu mutane ba sa yin su sam, waɗansu kuma sukan fito a karkace don rashin wuri, har sai an cire.

A nan akwai wani abu da yawancin iyaye ba su sani ba. Manyan turamen farko guda 4, masu fitowa a shekara 6, ba su maye gurbin kowane haƙori. A can baya suke fitowa, bayan turamen yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Saboda haka in suka soma baƙi sai a ce ai na yarinta ne, za su fita su sake tsirowa. Ba za su sake ba. Su ne kuwa ginshiƙin tauna, su ne kuma suka fi kowane haƙorin girma yawan ruɓewa, domin suna fitowa ne daidai shekarun alewa, kansu kuma yana da kwaruruwan da abinci yake maƙalewa. Hanyar gane su mai sauƙi ce: a ƙirga daga tsakiyar haƙoran gaba zuwa baya. Biyar na farko a kowane gefe su ne gurbin na yarinta. Na shida na girma ne.

Haƙoran yarinta su ma ba abin sakaci ba ne. Kowanne yana tsare wa magajinsa wuri. In turmin yarinta ya ruɓe aka cire shi tun lokacinsa bai yi ba, na kusa da shi sukan matso su cike gurbin, na girma ya rasa hanya ya fito a karkace. In kuma ya yi mugunya a saiwa, tana iya ɓata ɓawon haƙorin girman da ke ƙarƙashinsa tun bai fito ba.

Yadda Haƙori Yake Ruɓewa

Tun zamanin da, al'ummomi da yawa sun ɗauka cewa wata tsutsa ce take cin haƙori, har yau ma akwai masu yawo kasuwa-kasuwa suna cewa suna fitar da ita da hayaƙi. Wani likitan haƙori na ƙasar Faransa, Pierre Fauchard, ya ƙaryata wannan tun 1728. A 1890 kuma wani masani ɗan Amurka, W. D. Miller, ya bayyana ainihin dalilin.

A kowane baki akwai ƙwayoyin cuta da suke taruwa cikin wani farin yauƙi mai liƙewa a jikin haƙora. Duk lokacin da aka sha zaƙi, su ma sun sami abinci, sai su mai da sukarin wani ruwa mai tsami wanda yake narkar da ma'adinin ɓawo. Miyau yakan wanke tsamin ya mayar da ma'adinin, amma yana bukatar rabin sa'a zuwa sa'a guda. Saboda haka yawan maimaita shan zaƙi ya fi yawan zaƙin kansa ɓarna. Yaron da ya yini yana tsotsar alewa ɗaya bayan ɗaya, ko jaririn da aka kwantar da kwalbar madara mai sukari a baki, bai ba miyau damar yin aikinsa ba. Da dare kuwa miyau raguwa yake yi. Ɓawon haƙoran yarinta kuma bai wuce rabin kaurin na girma ba.

Ruɓa takan soma da ɗan farin tabo kamar alli. A wannan mataki ana iya tsai da ita. In ta huda ɓawo sai likita ya cike ramin. In ta kai ɓargo sai ciwo da kumburi. Yauƙin nan kuma in aka bar shi a wuyan haƙori yakan daskare ya zama kamar tsatsa, dasashi ya kumbura yana jini, ƙashi ya zaizaye, haƙori lafiyayye ya yi girgiɗi ya faɗi. Tsufa kaɗai ba ya zubar da haƙora, wannan cuta ce take zubar da su.

Akwai wani ma'adini, fuloraid, wanda kaɗan daga cikinsa yake ƙara wa ɓawo ƙarfin jure tsami, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. In kuwa ya yi yawa a ruwan sha lokacin da haƙora suke ginuwa, yakan sa su fito da tabo fari ko ruwan ƙasa, kamar yadda ake gani a yankin Langtang ta Jihar Filato da Kaltungo ta Jihar Gombe. Wannan ba ƙazanta ba ce, daga ruwa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram ɗaya da rabi a lita guda.

Abin Da Ake Bukata Daga Jama'a

1. A soma goge wa yaro baki ranar da haƙorinsa na farko ya fito, da ƙaramin buroshi mai taushi. Man goge baki kamar ƙwayar shinkafa ya isa har shekara 3, daga nan kamar ƙwayar wake.

2. A goge baki sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci. Babba ya riƙa taya yaro har ya kai shekara 7 ko 8.

3. Asuwaki yana da amfani, muddin an tauna shi ya yi laushi, an kuma kai shi har turamen baya da ciki. A guji gawayi da toka da yashi, gama suna kankare ɓawo.

4. A rage alewa da biskit da lemon kwalba, in za a sha kuma a sha tare da abinci.

5. Kada a buɗe kwalba ko a fasa ƙashi da haƙori.

6. In haƙorin girma ya fita saboda faɗuwa ko duka, a ɗauke shi ta kai, kada a kankare saiwar, a sa shi cikin madara, a garzaya wurin likitan haƙori kafin sa'a guda, domin sau da yawa ana iya mai da shi ya kama. Na yarinta kuwa ba a mai da shi.

7. In dasashin yaro mai rama ya yi gyambo, bakinsa yana wari, kumatunsa ya kumbura, a gaggauta kai shi asibiti. Yana iya zama farkon cutar nan mai cin naman fuska, wadda akwai asibitinta na musamman a Sakkwato tun 1999, tana kuwa warkewa in an tare ta da wuri.

8. A je a duba haƙora ko da sau ɗaya a shekara, tun ciwo bai zo ba.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haƙoran da mutum zai ci tuwo da su yana da shekara 70, tun yana ɗan firamare suka fito. Kiyaye su a waɗannan shekaru kuwa nauyi ne da ya rataya a wuyan iyaye da malamai, domin yaro bai san darajarsu ba tukuna.